Gidan Kowa Da Akwai

Mai karatu, wannan watan ka yi mini afuwa, ba sharhin fim na zo maka da shi ba. Na san ka saba ganina a shafin nan ina fiɗe aikin daraktoci, ina cewa wane bai iya ɗora kyamara ba, wance ta caɓa ado a inda ya kamata a ce tana takaba. To yau kaina zan fiɗe, domin a daminar 2024 wani murfin ƙarfe ya kunyata ni a tsakar gidanmu, kuma saura ƙiris in jawo mana abin da ya fi kunya muni.

Gidanmu yana cikin Birni, a wani lungu da ke gangarawa Jakara, ba nisa da Kasuwar Kurmi. In ka san lungunan can, ka san ko A Daidaita Sahu ba ta shiga, balle babbar motar nan mai mesa da ke zuƙe masai a Nasarawa da Bompai. Tun kafin a haife ni mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya cike tsohuwar shaddar gidan, ya sa aka gina sokawe, aka rufe bakinta da murfin ƙarfen zubi da ya sayo a Ƙofar Ruwa. Tun da ya rasu ba wanda ya ƙara ɗaga murfin nan. A kansa ake kife turmi, a kansa yara suke wasan 'yar carafke. Mun ma manta akwai wani abu a ƙarƙashinsa.

Saura kwana huɗu ɗaurin auren ƙanwata sai banɗaki ya fara dawo da ruwa. Ga baƙi za su zo daga Zariya da Maraɗi, ga sama kullum a haɗe. Umma ta dube ni ta ce, “To Yayan amarya, kai ne uba yanzu, sai ka san yadda za ka yi.” Na ce kada ta damu, ni da kaina zan buɗe in ga abin da ya toshe. Ai ina da difloma, kuma na ga yadda ake fasa ƙofofi a finafinai ba adadi.

Ni da ƙanena muka zura rodi a kunnen murfin muka danna. Rodin ya lanƙwashe, murfi ko gezau. Na ɗauko babbar guduma na shiga narka masa, har sai da wani ɓangare na gefensa ya fanɗare ya yi tsalle ya wuce ta gaban idon ƙanena. Maimakon in dawo hayyacina, sai wata dabara ta faɗo mini: ai zafi yana saki ƙarfe. Muka tara tsummoki a kan murfin, na tuttula musu kalanzir, na zaro ashana.

Ashe tun da safe Umma ta aiki almajirinta ya kira masu kwasar masai, mutanen nan da duk Bakano ya sani da kiran “Gidan kowa da akwai”. Sallamar dattijonsu kawai na ji, sai na ji an doke hannuna, ashana ta watse a ƙasa.

“Kai yaro! Biki za ku yi a gidan nan ko zaman makoki?”

Na buɗe baki zan yi masa bayanin kimiyya, ya ce, “Ramin nan numfashi yake yi. Ka ba shi wuta, shi da dakalin da ku da kuke tsaye a kai duk sama za ku yi.”

Daga baya da na bincika na tarar gaskiyarsa ce tsaf. Ƙazantar da ke ruɓewa a rufe tana fitar da iskar metan, irin wadda a wasu wurare ake tarawa a yi girki da ita. In ta gauraya da iska ta samu tartsatsi, fashewa take yi. Akwai kuma wata, haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iska nauyi, don haka a cikin rami take kwanciya, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin warinta yake yi, sai dai mutum ya yanke jiki ya faɗi. Shi ya sa kake jin mutum ya shiga masai ɗauko wayar da ta faɗa bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, shi ma shiru. Ita ce kuma take haɗuwa da laima tana cin murfin ta ƙasa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, saboda haka sai ta kumbura ta cike tsakanin murfi da mazauninsa, ta ɗaure su tamkar an yi musu walda. Shi kuwa ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa irin na rodi. Ka matsa masa da duka, tsagewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. Da gudumata ta yi nasara, da murfin ya rufta ciki, wataƙila har da ƙafar wani.

Dattijon nan bai san sunan ko ɗaya daga cikin iskokin ba, amma ya fi ni sanin halinsu. Ya durƙusa da wani siririn ƙarfe ya bi tsagin da'irar murfin yana kankare ƙasa da tsatsa, a hankali, kamar mai sakace. Ya share da burushi, ya haɗa kalanzir ɗin nan nawa da baƙin mai, ya bi tsagin yana ɗigawa. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce sai da safe.

Na ce, “Haba Baba, kwana huɗu fa ya rage mana!”

Ya ce, “Shekara nawa kuka bar shi? Ku ba shi dare ɗaya mana.”

Washegari bayan asuba ya dawo da yaransa biyu. Ya ɗora guntun katako a gefen murfin, yana bugun katakon da ƙaramar guduma, yana zagayawa, yana kasa kunne. Da farko ƙarar a dushe take fita. A zagaye na uku ko na huɗu sai na ji ta sauya, jan ruwan tsatsa ya fara tsattsafowa ta tsagin. Suka sa ƙarafa biyu a kunnuwan murfin suka murɗa shi hagu da dama kafin su yi yunƙurin ɗagawa. Da ya saki, ya kore mu duka zuwa zaure, ya hana a kunna murhu, ya ce a bar ramin ya sha iska tukuna. Cikin dare suka kwashe da bokitai da durom a kura, kafin gari ya waye tsakar gida tas. Ya shafe bakin murfin da giris kafin ya mayar, ya ce duk bayan damina a ɗaga shi ko da ba abin da ya faru.

Yanzu bari in dawo gona tawa. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau mun yi dubban finafinai, amma ni dai ban taɓa ganin wanda ya ɗauki mutum irin wannan dattijo a matsayin jarumi ba. Gidajen finafinanmu falo ne da kujeru da labule, kai ka ce mutanen ciki ba sa zagayawa. Ba mu kaɗai ne masu wannan kunyar ba: a Amurka har yau ana ambaton Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, a matsayin fim ɗin da ya yi ƙarfin halin nuna ana kora ruwa a masai. Amma Indiyawan da muke kwaikwayon rawarsu sun wuce wurin. A 2017 Akshay Kumar ya fito a Toilet: Ek Prem Katha, labarin amaryar da ta yi yaji saboda gidan mijinta ba banɗaki, kuma jama'a suka yi tururuwa suka kalla. Mun ɗauko waƙa da rawa, mun baro wannan. Alhali ga labari a lungunanmu: mutumin da ke shiga kowane gida, na attajiri da na malami, ya san sirrin kowa, ya sa ransa a haɗari, amma in an gamu da shi da rana a kau da kai.

Ni ma na kau da kai. Ranar da ya fara zuwa, da ya miƙo mini hannu bayan ya ceci raina, yi na yi kamar ina tsintar ashana. Ranar ɗaurin aure Umma ta aika aka kira shi. Na tarar da shi a ƙarshen tabarma shi kaɗai, cikin farar riga fes, an bar tazara tsakaninsa da jama'a. Na je na ba shi hannu biyu, na zauna muka ci a kwano ɗaya. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Malam mai ashana, an ga amarya lafiya?”

Mai karatu, in ka ajiye mujallar nan, leƙa ka duba naku murfin. In ya ƙi buɗuwa kada ka kai masa wuta, kada ka zura kai, ka kira masu abin. Marubutanmu kuma ga labari nan na ba ku kyauta. Allah ya kiyaye mu, amin.