Wasiƙa zuwa ga aminina na Kantin Kwari

Alhaji,

Ya ƙarfin jikin Hajiya Babba? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan Abuja sai godiya, yara duk suna gaishe ka.

Maganar da muka fara a waya ranar nan ce ta sa na zauna na rubuto maka, don na ga ba magana ce ta tsaye ba. Ka ce tunda ka buɗe shago na biyu a Kaduna, ga kuma tafiye-tafiyen saro kaya da ke ɗauke ka makonni, littattafan lissafin nan sun fara fin ƙarfinka. Ka ce ɗanka ya ba ka shawarar a mayar da komai cikin kwamfuta da waya, ta yadda ko kana China za ka ga abin da ya shiga da abin da ya fita, kai kuma zuciyarka ba ta kwanta ba. To ni ina bayan yaron nan. Gaskiya ya faɗa maka. Sai dai akwai abin da nake so ka riƙe kafin ka sa hannu, kuma shi ne dalilin wannan doguwar wasiƙa.

Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016? Shaguna dubbai suka tafi a dare ɗaya. Kowa ya yi jimamin kayan da suka ƙone, amma mu masu aikin lissafi mun ga wata asarar da ba a cika faɗa ba. Mutum ya rasa kaya, ya kuma rasa littafin da ya rubuta waɗanda yake bi bashi. Mai tsoron Allah ya kawo da kansa, wanda ba shi da niyya ya yi shiru, kuma babu abin da za ka nuna masa. Ku ma a Kwari kun ga wuta, kun ga ruwan da ke shiga layuka da damina. Littafin da ke cikin durowa kwafi ɗaya ne tak a duniya. Wanda aka rubuta a manhaja kuwa, ko wayar ta faɗa rijiya, kana sayen wata ka shiga asusunka zai dawo maka. Wannan kaɗai ya isa hujja a wurina.

Kuma ko ka so ko ba ka so, ƙasar ta riga ta juya can. Dokar kamfanoni da aka sabunta a 2020 ta ba ƙananan kamfanoni damar yin taronsu ta intanet, ta kuma yarda mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani shi kaɗai. Yanzu rajista a hukumar CAC daga ɗakinka za ka yi, satifiket ɗin ma a kwamfuta zai zo maka ka buga abinka. Lokacin kullen korona, a watan Mayun 2020, majalisar zartarwa ta tarayya kanta ta koma zama ta bidiyo. Nan sakatariyar tarayya kuma, ofishin shugabar ma'aikata ya sa ƙarshen Disambar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar fayil na takarda. Duk wanda ya taɓa bin sawun fayil daga tebur zuwa tebur, yana roƙon masinja ya duba masa ƙarƙashin tarin wasu, ya san abin da ake gudu. Ku 'yan kasuwa kuwa canjin kuɗi ne ya koya muku da ƙarfi. A farkon 2023, da takardar naira ta yi wuya, har mai shayi da mai rake sai da suka nemi lambar asusu. Daga nan OPay da Moniepoint da PalmPay suka cika kasuwa. Ka duba da kyau, rabin lissafinka ya riga ya bar takarda, yana cikin alat ɗin da ke shigowa wayoyi. Abin da ya rage shi ne a tattara shi wuri ɗaya cikin tsari.

Yanzu ga abin da ke damuna, Alhaji.

A tsohon tsari, kowa ya san inda ikon shago yake. Mabuɗin sito yana aljihunka, babban littafi yana durowar da kai kaɗai ke buɗewa. Yaro ba zai ɗauki littafin ya tafi da shi gida ba tare da an gani ba. A sabon tsari mabuɗin ya zama lambar waya, adireshin imel da lambar sirri, kuma yawancin iyayen gidanmu ba su ɗauke su a bakin komai ba. Sai ka ji maigida ya ce wa yaro, kai da ka iya waya, buɗe mana. Yaron kuma ba da mugun nufi ba sai ya buɗe da layinsa, da imel ɗinsa, da BVN ɗinsa. Na'urar POS da sunansa, WhatsApp ɗin da kwastomomi ke turo oda da lambarsa, jadawalin bashi a asusunsa na Google. Shekara biyu, uku, komai lafiya. Ranar da aka sallame shi ya buɗe nasa shagon, ko aka sami saɓani, ko ma Allah ya yi masa rasuwa, sai a wayi gari kasuwancin gaba ɗaya yana hannun da ba na mai shi ba. A cikin aikina na ga wani dattijo mai sayar da kayan masarufi da wannan ya same shi. Yaron bai ci masa ko kwabo ba, tafiya kawai ya yi, amma kwastomomin shekaru duk lambar yaron suka sani, can suka ci gaba da kira.

Don haka kafin a sayi ko kwamfuta ɗaya, ka sayi layi sabo da sunanka da NIN ɗinka, ka ware shi don shago kawai. Da shi za a buɗe imel na kasuwanci, da shi za a buɗe WhatsApp na kasuwanci, shi za a ɗaura wa asusun banki. Asusun kuma ya zama na kamfani, da sunan da ka yi rajista, kuɗin ciniki ya daina bi ta asusun kowane yaro komai amincinsa. Layin nan kada a bar shi ya kwanta, a riƙa sa masa kati ana kira da shi, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya kan sake sayar da shi ga wani, kuma duk saƙon lambar shiga da banki zai turo, wancan ne zai gani. Manhajojin lissafi irin su QuickBooks da Zoho Books suna ba da dama a buɗe wa kowane ma'aikaci tasa ƙofar, a iyakance masa abin da zai gani da abin da zai taɓa. Mai rubuta ciniki ya rubuta ciniki, amma kada ya iya goge abin da aka shigar jiya. Ko Google Sheets za ku fara da shi, wanda ni shi nake ba ka shawara a matakin farko don ba ya cin kuɗi, yana ajiye tarihin wanda ya canza wani abu da lokacin da ya canza. Wannan ko babban littafinka bai iya ba.

Kada ka ce ina zargin yaranka. Na san su, na san wanda ya fi shekara goma tare da kai. Tsarin nan su ma kariya ne gare su. Idan turmi biyar na atamfa ya ɓace a lissafi, yaron kirki ya fi kowa son a ce akwai rubutun da zai wanke shi. Kuma mu Musulmi ba baƙin wannan ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai ake maganar.

Akwai kuma batun da ba mu son tunawa, amma ni da kai mun wuce shekarun kauce masa. Idan ta Allah ta kasance, magada za su zauna rabon gado, kuma kafin a raba sai an biya bashi an karɓo na waje. A da, ana buɗe durowa a ɗauko littafi a gaban malamai. Yau idan komai yana cikin wayar da ke buɗewa da yatsan mamaci kaɗai, iyali za su sha wahala, masu bin bashi su zo da baki, waɗanda ake bi su yi shiru. Na roƙe ka, ka rubuta imel ɗin da lambobin sirrin da hannunka a takarda, ka rufe a ambulan, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, ka sanar da mutum ɗaya ko biyu da ka yarda da su. Duk lokacin da ka canza lamba ka sabunta takardar. Wannan takarda ɗaya ba na son ka rabu da ita har abada.

Ka tambaye ni ko kotu na karɓar irin wannan rubutu. Tana karɓa. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da bayanan da aka fitar daga kwamfuta, da sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai kuma da ita aka saba ajiye bayanan. Dokar ta kuma san da sa hannu na lantarki. Amma takardun fili da na shago da yarjejeniyar haya, waɗannan ka ɗauki hotonsu ka adana, asalinsu kuma ya zauna a akwatin ƙarfe. Sannan ka sani tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a. Lambobin kwastomomi da hotunan katinsu da ke wayar shago amana ce, kada yaro ya riƙa tura su ko'ina.

Sai maganar wuta da sabis, wadda kai ka fi ni sani. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni ba kira ba intanet. Kana da kwastomomi a Gusau, ka san yadda aka yi. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta tangal-tangal. Ga kuɗin data da aka ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Saboda haka duk manhajar da za ku ɗauka, ka tambaya ko tana aiki ba sabis, ta tura bayanan daga baya idan ya dawo. Ka sa ƙaramin sola da zai riƙe kwamfuta da cajin waya. A bar ƙaramin littafin rasit a shago don ranar da komai ya tsaya, da sharaɗin a shigar da shi na'ura kafin a rufe shago washegari. A ƙarshen kowane wata a sauke kwafin lissafin gaba ɗaya a ajiye a filas, a kai gida.

Game da kula da shago daga nesa, a nan ne nake so ka rage buri kaɗan. Allon waya abin da aka shigar masa kawai yake nuna maka. Idan an rubuta dila ashirin a sito, ashirin za ka gani ko da sha takwas ne a ƙasa. Kyamarar tsaro tana da amfani, amma ba ta ƙirga yadi, ba ta kuma gaya maka cewa kwastoman Maraɗi da ya saba zuwa duk wata ya daina zuwa saboda an yi masa magana marar daɗi. Gani ya kori ji, Alhaji. Ka sa ranar ƙirga kaya, wani lokaci da sanarwa wani lokaci ba sanarwa, ka tsaya da ƙafarka ko ka aika wanda ba ya cikin masu sayarwa. Wanda ke karɓar kuɗi daban, wanda ke fitar da kaya daga sito daban. Kuma don Allah kada a saki kaya saboda hoton alat da kwastoma ya nuna a wayarsa. Alat na bogi ya yi yawa. Sai an ga kuɗin a asusun shago, kuma wannan kai ma kana iya gani daga duk inda kake.

Wani alherin da za ka ji daɗinsa shi ne lokacin fitar da zakka. Maimakon kwana da kwanaki ana juya shafuka, ƙimar kayan da ke ƙasa da kuɗin da ke banki da bashin da ake sa ran karɓa duk za su fito a shafi ɗaya, ka kai wa malam ya duba maka.

Kada ku kwashe komai rana ɗaya. Ku fara da littafin bashi, shi ya fi tsada kuma shi ya fi saurin jawo rigima. A shigar da sunan kowa da balas ɗinsa, a kira shi a tabbatar ya amince da adadin, a tura masa ta WhatsApp ya amsa. Wata biyu ana tafiya da littafi da na'ura tare, in sun daidaita sai a shiga lissafin sito. Kai kuma ka zauna da ɗanka ya koya maka buɗewa da dubawa da kanka, ko da rabin sa'a ne bayan Isha'i. Mutumin da ke riƙe lissafin dila ɗari a ka, wannan ba zai gagare shi ba.

Ina sa ran shigowa Kano ɗaurin auren 'yar ƙanwata a wata mai kamawa, in Allah ya yarda. Zan zo da kwamfutata mu zauna a shago bayan La'asar mu tsara jadawalin bashin tare. Kafin nan ka sayi layin, ka kuma sa a tattaro mini tsofaffin littattafan na shekara biyu da suka wuce. Ka gaida Hajiya da yara, ka gaida maƙwabtanka na layi, musamman mai shaddar nan da ke ba mu shayi.

Wassalam,
Naka amini