'HD' a kwali, hazo a allo

A shekarun ƙarshe na kasuwar faifai, babu haruffan da aka ci wa zarafi a kwalin finafinan Hausa kamar 'HD'. Ko tsohon fim ne aka kwaso daga kaset, sai ka ga an danƙara masa tambarin da jan rubutu, a ƙara kuɗi a kai. Mai saye kuwa, bawan Allah, ya na zaton ya sayi idanu sababbi.

Bari mu fara da lissafi, mai karatu. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD 720 da 576. Blu-ray kuwa, wanda ya fito a 2006, shi ke ɗaukar cikakken HD: 1920 da 1080, wato ya ninka VCD sau 20. Amma fa faifai mazubi ne kawai. In ka juye kofin kunu cikin randa, randar ba za ta cika ba. Abin da kyamara ba ta kama ba ranar ɗauka, babu faifan da zai haife shi.

Na taɓa sayo irin wannan faifan a Sakkwato, na kai shi gida Rara, mu ka tada janareta bayan isha'i. Fim ne da duk mu ka sani tun zamanin kaset. Ana kunnawa sai fuskar jarumar ta narke, zanen atamfar ta ya cakuɗe, duhun dare ya koma ƙananan murabba'ai masu rawa. Sauti ya fi ban haushi. Maganar 'yan wasa ta na can ƙasa, iska na bugun makirufo. Da waƙa ta shigo, da yake a situdiyo aka yi ta, sai ta daki kunne har a ruga a rage murya. Kawuna ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga ai hazon ɗari na. Ina sabon da ka ce?"

Kawu ya fi ni iya sharhi a daren nan. Babbar talabijin ba ta ɓoye aibu, tona shi ta ke yi.

To, dubi Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana ganin ya ɓata, sai a 2016 aka gano gwangwanayen sa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Me ya sa ya gyaru bayan shekara 40? Don a kan zaren majigi aka ɗauke shi, kuma asalin zaren ya tsira. Da kwafin kwafi aka tarar, da ko Bajamushe sai dai ya yi haƙuri.

Mu kuma industirin mu a kan bidiyo ya tashi, tun daga Turmin Danya a 1990. Sangaya da Wasila ba za su taɓa zama HD na gaskiya ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne; haka zamanin su ya ba da. Abin kunya shi ne a bar uwar kaset ta ruɓe. Kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, ga ƙura. Mu da ke tsakanin Rabah, Wurno da Goronyo mun san abin da bazara ke yi wa roba a ɗakin kwano. Duk shekarar da ta wuce, wani abu na goguwa daga muryar 'yan wasan da wasun su ma sun riga mu gidan gaskiya.

Yau faifai ya kwanta dama, kallo ya koma waya da YouTube, amma cutar ba ta sake ba: ana ɗora kwafi na biyar, a rubuta masa HD.

Roƙo na ga furodusoshi: ku binciko mastocin ku, a juye su cikin kwamfuta kai-tsaye ba tare da an matse ba, a tace sautin, a adana kwafi a wuri fiye da ɗaya. In an sake fitar da fim, a faɗi gaskiyar inda aka samo hoton. Za mu kalli hazon mu da daraja in mun san shi ne iyakar abin da ya rage. Allah ya sa masu abin su ji.