Sauri ya haifi nawa: baƙo cikin ƙungiyar masu rubuta manhaja

Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Maganar tana da gaskiya a gona da wajen ɗaukar jinka, amma akwai aikin da yawan hannu ke ƙara ma nauyi. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Fred Brooks ya gano haka bayan ya sha wuya.

A shekara ta 1964 kamfanin IBM ya shelanta sababbin na'urorinsa masu ƙwaƙwalwa, System/360. Brooks ne ya jagoranci aikin rubuta babbar manhajarsu, wato tsarin umarnin da ke sa na'ura ta yi aiki, wadda aka sa ma suna OS/360. Aikin ya yi jinkiri, kuɗin da aka kashe ya zarce kasafi, alhali kuwa akwai lokacin da mutum fiye da 1000 ke kansa. A 1975 Brooks ya fitar da littafinsa The Mythical Man-Month, inda ya kafa hujja cewa idan aikin manhaja ya makara, turo sababbin ma'aikata ba ya gaggauta shi, sai ma ya ƙara jinkirta shi.

Dalilin farko shi ne koyarwa. Baƙo, ko da gwani ne, bai san inda aka aje kome ba. Dole wani ya zaunar da shi ya nuna masa, kuma wanda zai iya wannan shi ne ma'aikacin da ya fi kowa sanin aikin, wanda rashinsa na yini guda ya fi tsada. Dalili na biyu lissafi ne. Tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin magana 10. Idan suka zama 10, hanyoyin sun kai 45. Idan suka zama 50, sun kai 1225. Kowace hanya kuwa ƙofa ce ta rashin fahimta.

A watan Fabrairu na 2001, masana 17 suka taru a Snowbird, cikin jihar Utah, suka rattaba hannu kan wata sanarwa da ta haifi tsarin aikin da ake ce ma Agile. Manufarsa ita ce ƙaramar ƙungiya ta riƙa gama ɗan yanki na aiki cikin mako biyu ko huɗu, ta nuna ma mai kaya, ta gyara, sannan ta ci gaba. A reshensa da ya fi yaɗuwa, Scrum, ana taro na minti 15 kowace rana, kuma ƙa'idojinsa na 2020 sun ce ƙungiya galibi mutum 10 ce ko ƙasa da haka.

To, a nan ne matsalar baƙo ta ƙara tsanani. Tsarin ya fifita magana baki da baki kan tarin takardu, saboda haka yawancin ilimin ƙungiya yana cikin kawunan ƴaƴanta. Sun san dalilin da ya sa aka bi wannan hanya aka bar waccan, sun san wurin da in an taɓa sai kome ya rushe. Sabon zuwa ba shi da kundin da zai buɗe. Yakan zauna a taron safe yana jin sunaye da gajerun kalmomi kamar baƙon yare, kunya ta hana shi tambaya, har a fara raɗa cewa ba shi da amfani. Laifin kuwa na masu masauki ne.

Magani mafi inganci ya shahara ne daga kamfanin motoci na Chrysler, inda a 1996 Kent Beck ya karɓi ragamar aikin manhajar biyan albashi. A can ma'aikata biyu ne ke zama gaban na'ura ɗaya, ɗaya na rubutu, ɗaya na dubawa, suna musanya. Idan aka haɗa baƙo da tsohon hannu ta wannan hanya, koyo da aiki suna tafiya tare. Ƙungiyoyi masu hankali sun ƙara da wasu dabaru. Sukan ba baƙo ƙaramin aiki na gaske tun makon farko, don ya ga abin da ya rubuta ya shiga hannun jama'a. Sukan karɓi mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda. Sukan rage alkawarin da za su ɗaukar ma mai kaya a waɗannan makonni, tun da sun san wani kaso na ƙarfinsu zai tafi wajen koyarwa. Idan kuma yawansu ya wuce kima, sai su rabu gida biyu.

Baƙon ma yana da abin da yake kawowa, wanda ba ya daɗewa. A kwanakinsa na farko ne kawai yake ganin ɓarakar da ƴan gida suka saba da ita har suka daina gani. Ƙungiyar da ta saurari tambayoyinsa ta ci riba tun kafin ya ƙware.

Brooks ya rasu a 2022, amma darasinsa ya wuce sha'anin na'ura. Ɗan kasuwar da ya ɗauki sabon yaro ana jajibirin Salla, da shugaban ofishin da ya nemi ƙarin ma'aikata saura mako guda a miƙa rahoton shekara, duk sun san inda ake ƙarewa: maigida ya bar ciniki yana nuna farashi. Lokacin karɓar baƙo shi ne tun aiki bai matse ba, sa'ad da akwai sararin zama da shi.