Abin Da Albasar Wurno Ta Koya Mani

Mai karatu, fim nawa ka kalla inda likita zai ɗaga kwalbar jini, ya ƙura mata ido, ya ce, "Alhaji, ba ɗanka ba ne"? Na sha yi wa irin wannan fitowa dariya, alhali ni ma ban san yadda gwajin DNA ya ke ba, sai da na je gida Wurno.

Wani abokina malamin sakandare ne ya ja ni ajinsa. Albasa ya sa yara su ka kawo, abin da ba a nema da nisa a Wurno da Goronyo. Su ka daka ta, su ka zuba ruwan ɗumi da gishiri da sabulun wanke-wanke, su ka tace da ƙyalle. Malam ya tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali, sai ga wani farin zare mai yauƙi ya taso. Ya ce sabulu ya fasa ƙwayoyin albasar, gishiri ya tattara DNA ɗin, shi kuwa ba ya narkewa a sifirit.

Wata yarinya 'yar Rabah ta ce, "Malam, da wannan ake kama ɓarawo?" Ya ce a'a, sai na'ura ta fitar da tsarin layuka an gwada da na wanda ake zargi. Ya raba masu takardu biyar masu layuka: ɗaya ta wurin sata, huɗu na waɗanda ake tuhuma. Wanda duk ajin ya nuna da yatsa, layukansa ba su dace ba. Ajin ya yi tsit.

Haka ta faru da gaske a Ingila. Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta ya gano dabarar a 1984. A 1986, farkon amfani da ita a binciken kisa, wani yaro ɗan shekara 17 da har ya amsa laifi ta wanke. Mai laifin, Colin Pitchfork, a 1988 aka ɗaure shi.

Ka ga labarin da marubutanmu su ke bari: gwajin da ke ceton wanda gari ya riga ya yanke wa hukunci. Kafin ka sake sa wa ɗan wasa rigar likita, ɗan'uwa, sayi albasa ka nemi malamin kimiyya. Allah ya sa mu gane.