Randa da rijiya: dalilin da ya sa shafin makaranta ke nauyi, ko ya nuna tsohon maki

Duk ƙarshen zangon karatu, ƙorafi biyu nake ji daga bakin iyaye da abokan aikina malamai a nan Arewa. Na farko shi ne, "Shafin nan ya ƙi buɗewa, ya cinye mini mega a banza." Na biyu, wanda ya fi zafi, "Makin da na gani a waya ba shi ne yaro ya gaya mini ba." Ni malamin lissafi ne a wata kolej, kuma da yake ina ɗan taɓa kwamfuta, ni ake turo wa duk wanda wayarsa ta ƙi nuna sakamako. Abin da na lura da shi, ƙorafin nan biyu galibi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wanda ya gane tushensu zai rage asarar kuɗi, ya kuma rage zargin malami ko dukan yaro a kan laifin na'ura.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Wanda ke zaune cikin kwarin Dallol Mauri ruwa na kusa da shi. Wanda ke kan tudu kuwa sai ya ja guga da igiya mai tsawo. Shi ya sa babu matar da ke zuwa rijiya duk lokacin da wani ya ji ƙishirwa. Takan ɗebo da safe ta cika randa, kowa ya sha daga nan. Randa na rage wahala, amma tana da sharaɗi: in ba a sabunta ruwanta ba, sai a wayi gari ana shan na shekaranjiya.

Haka shafin intanet yake aiki. Ainihin makin ɗalibai yana cikin rumbun bayanai, a kan wata babbar na'ura da masu sana'ar ke kira saba. Wannan ita ce rijiyar, kuma tana da nisa. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 270, ga shi sabar ma kanta sau da yawa tana Faransa ko Amurka. Nijar ba ta da teku, don haka saƙonmu sai ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya shiga wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024, da huɗu daga cikin wayoyin nan suka lalace a gaɓar Kodibuwa, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da tamu. Saboda wannan nisa ne aka ƙirƙiro dabarar ajiye kwafi a kusa. Masu sana'ar na ce mata kash. Ni dai randa nake ce mata, kuma iyaye sun fi saurin ganewa.

Randar ba ɗaya ba ce. Akwai ta cikin wayarka: manhajar buɗe shafi, irin su Chrome, takan adana hotuna da wasu shafukan da ka taɓa buɗewa. In ka dawo, ko dai ta nuna maka abin da ta adana kai tsaye, ko ta tambayi saba, "An canza wani abu?" In ba a canza ba, saba ta amsa da lamba 304, ba ta sake turo komi ba, megarka ta tsira. Akwai randar kan hanya, domin wasu manhajojin, kamar Opera Mini, sukan bi da shafin ta na'urorinsu su matse shi kafin ya iso ka. Akwai kuma randar da ke jikin sabar, wadda mai gina shafin ke sarrafawa.

Masu gina irin waɗannan shafuka ba sa farawa daga tushe. Kamar magini ne da ke sayen ƙofa da taga haɗaɗɗu wurin mai walda. Wani ya ɗauki Django, wanda ya fito a 2005, wani Laravel na 2011, wani WordPress na 2003, wani kuma Moodle, wanda aka yi musamman don makarantu a 2002. Dukkansu ana iya haɗa musu randa, kuma sanannun randunan su ne Memcached na 2003 da Redis na 2009. Abin tambaya kullum shi ne me za a zuba, kuma zuwa yaushe.

Ga abin da ya sa nake ɗaukar maganar nan da nauyi. A wata makaranta da ke yankinmu, wani saurayi ya gina musu shafin sakamako, ya sa kowane shafi ya kwana a randa awa 24 don ya yi sauri. An shigar wa wata yarinya maki 6 bisa 20 a darasin da ta ci 16. Malaminta ya gano da rana, aka gyara a rumbun bayanai nan take. Amma shafin ya ci gaba da nuna 6. Da dare wani ya nuna wa mahaifinta a waya. Washegari ya hau kabu-kabu daga ƙauyensu, ya zo ya same mu da ransa a ɓace.

"Mushe, ni dama ƴan'uwana sun ce in cire ta. Ga shi kuwa na gani da idona."

Na ce, "Baba, zauna ka sha ruwa tukuna. Abin da ka gani ruwan jiya ne."

Sai da aka ɗauko takardar jarrabawar da jan biron malamin a kanta, aka karanta masa, kana hankalinsa ya kwanta. Da bai zo ba fa? Iyaye nawa ne za su biya kuɗin babur su zo bincike? A wurin da karatun ɗiya mace ke rataye da zare, lamba ɗaya da ta kwana a randa tana iya zama hujjar da ake nema.

Saboda haka, ga abin da nake gaya wa duk matashin da ya karɓi aikin gina wa makaranta shafi.

Na farko, ka raba abubuwa gida uku. Abin da ba ya canzawa, kamar tambarin makaranta da tsarin shafi, ajiye shi wata guda ko fiye. In ka canza shi wata rana, ka canza sunan fayil ɗin, waya za ta ɗauko sabon da kanta. Abin da ke canzawa jefi-jefi, kamar jadawalin darussa da sanarwa, mintoci sun ishe shi. Django ma, in ba ka ce masa komi ba, daƙiƙa 300 yake riƙe abu, wato minti 5. Abin da ya shafi yaro ɗaya kuwa, makinsa ko bashin kuɗin makarantarsa, kada ya shiga randar da kowa ke sha. A ƙauyukanmu waya ɗaya takan yi wa gida biyar aiki, a gari kuma ana buɗe sakamako a shagon intanet. In ba ka umarci manhaja kada ta adana ba, wanda ya zo daga baya yana danna komawa baya sai ya ga sirrin ɗan wani. Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma makin yaro na cikin abin da ya cancanci kariya.

Na biyu, duk lokacin da aka gyara maki, manhajar ta zubar da tsohon kwafin a take, ba sai an jira wa'adinsa ya cika ba. Ka kuma rubuta ranar da sa'ar sabuntawa a saman shafi, da manyan baƙaƙe. Wannan layi ɗaya da ya hutar da dattijon nan tafiya.

Na uku, kafin ka sa randa, ka duba ko igiyar gugar ce ta harɗe. Na taɓa ganin shafin aji mai ɗalibai 80 da ke tambayar rumbun bayanai sau ɗaya don jerin sunaye, sannan sau ɗaya don makin kowane yaro. Tafiya 81 ke nan. Kamar ka aiki yaro kasuwa ya sayo gishiri, ya dawo ka sake aikensa barkono, ya dawo ka ce daddawa. Django da Laravel duka suna da hanyar kwaso komi a tafiya ɗaya ko biyu. Wanda ya rufe wannan ciwo da randa bai warkar da shi ba, ranar da randa ta ƙare zai taso.

Na huɗu, hotuna. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai mega 3. Guda 10 a shafin farko sun zama mega 30, daga aljihun manomin da makin ɗansa kawai yake nema. A rage girmansu kafin a ɗora, ko a kai su wani shafi dabam. Kuma ka gwada aikinka da tsohuwar waya, a wurin da rezo ke da sanda ɗaya. Shafin da ya buɗe a ofis cikin Dutsi ba lalle ya buɗe a Dogon Kiriya ko Sukukutan ba.

Na biyar, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya san cincirindon da ake yi ranar sakamakon BEPC ko na Bak. Haka sabar makaranta ke ji in iyaye duka suka danno cikin sa'a guda. Abin da kowa zai gani iri ɗaya, kamar sanarwar ranar komawa, a shirya shi tun da dare ya zauna a randa, don ƙarfin sabar ya tafi kan makin da ba a iya adanawa. Kuma a tuna Memcached cikin ƙwaƙwalwar na'ura yake riƙe kaya, wuta na ɗaukewa ya manta komi. Randa ba wurin ajiyar asali ba ce. Rumbun bayanai ya sami kwafi a wani wuri, rajistan takarda kuma ya ci gaba da zama a ofishin direkta.

Ku kuma iyaye da malamai, in shafi ya ƙi, akwai tsarin da za a bi kafin a ɗora wa kowa laifi. Fara da buɗe wani shafin dabam. In shi ma ya ƙi, matsalar rezo ce ko megarka ta ƙare. In akwai wani kusa mai layin wani kamfani, ko Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, a gwada da nasa. In sauran shafuka na buɗewa, na makaranta kaɗai ya ƙi, dubi lambar da ya nuna. 404 na nufin babu wannan adireshin, sai a duba ko an rubuta shi daidai. 500 na nufin manhajar ce ta yi tuntuɓe, aikin mai ginin ne. 503 galibi na nufin sabar ta cika ko ana gyara, 504 kuma an jira amsa an gaji. A waɗannan biyun, yawan dannawa ƙara wa sabar kaya yake, gara a ba ta rabin sa'a.

In kuwa shafin ya buɗe amma kana shakkar abin da ya nuna, sake loda shi. A kwamfuta, danna Ctrl da F5 tare yakan tilasta ɗauko sabo. A waya, buɗe shi a shafin sirri na manhajar, ko a wayar da ba ta taɓa buɗe shi ba. In wayoyi biyu suka nuna maki biyu, tsohon kwafi ne a ɗayarsu. In duka suka nuna abin da malami ya ce an gyara, to randar saba ce, sai mai kula da shafin ya zubar da ita. Moodle ma yana da maɓalli guda na wannan aikin. Sa'ad da za ka kai ƙara, ɗauki hoton fuskar wayar, ka faɗi sa'a da layin da ka yi amfani da shi. "Ba ya aiki" kaɗai ba ta taimakon mai gyara, kamar ka ce wa likita ba ka da lafiya ka yi shiru.

Akwai kuma fuskar randa da nake so makarantunmu su rungume. Abin da ba ya tsufa da wuri, kamar littattafai da darussa, babu dalilin sayen mega a kansa kullum. Manhajar Kiwix, da aka fara a 2007, tana ba ka damar sauko da Wikipedia sau ɗaya, ta Faransanci ko ta Hausa, a riƙa karantawa babu intanet. Malamin da ya shigo gari ya sauko da ita, ya koma Geceme ko Dumega ko Matankari, ya raba wa abokan aikinsa daga waya zuwa waya. Nan ne randa ke da amfani tsantsa, domin ƙa'idar Pitagor ba ta canzawa tsakanin safe da yamma.

Shawarata ga ƴan kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye: in za a cire kuɗin jama'a a biya mai gina shafi, a yi masa tambayoyi huɗu a gaban kowa. In an gyara maki, minti nawa kafin uba ya gani? Wani na iya ganin sakamakon ɗan wani? Mega nawa shafin farko ke ci? In ka yi tafiya, wa ya san yadda ake zubar da randa? Wanda ya iya aikinsa zai amsa da Hausa, babu kame-kame.

Kuma a sanar da iyaye tun taron farkon shekara cewa takardar sakamako mai sa hannun direkta da hatimin makaranta ita ce magana. Duk abin da waya ta nuna wanda ya tayar da hankali, a kira malamin aji a tambaya kafin a ɗaga wa yaro hannu ko a yanke hukunci a kan karatunsa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya yi wa ƴaƴanmu albarka, Ya ba malamansu haƙuri da lada.