Wa Ya Yi Kiɗan?

Turawa suna da kalma guda da suke kiran mawaƙin da babu wani babban kamfani a bayansa, wanda yake ɗaukar waƙa da kuɗin aljihunsa, ya kuma tallata ta da ƙafarsa. Da muka zauna tsara mujallar irin waɗannan mawaƙa da Hausa, sai da muka yi mako biyu muna jayayya kan abin da za mu kira su, kafin muka tsaya a kan "marasa ubangida". Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin makaɗin fada, irin Narambaɗa da ke wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, da mai yawo da kuntiginsa kamar Ɗan Maraya Jos. Ubangidan wannan zamani shi ne furodusan fim, ko ɗan siyasa mai neman ƙuri'a, ko uwar amarya. Mu yaran da muke nufi su ne masu haɗa kuɗi su shiga situdiyo mai ɗaki ɗaya a Kano ko Jos ko Damagaram, su rera abin da babu wanda ya sa su.

Mu huɗu ne: biyu masu rubuta manhaja, da mai zane, da 'yar jarida. Duk mun haura talatin. Mun taso muna aron mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999, kwafi ɗaya ya zaga aji har bangonsa ya yage. Waɗanda muke so su karanta tamu kuwa ƙannenmu ne, 'yan sha bakwai zuwa ashirin da 'yan kai, waɗanda kaset a wurinsu labari ne, kuma a waya za su same mu ko su rasa mu.

Mai zanenmu ya zo da buri. Ya nuna mana Ray Gun, mujallar kiɗa da aka fara a Amurka a 1992, inda David Carson yake karkatar da rubutu, ya ɗora harafi kan harafi. A 1994 ma ya ga wata hira da aka yi da mawaƙi Bryan Ferry ba ta da armashi, sai ya buga ta gaba ɗaya da alamomin Zapf Dingbats, babu mai iya karanta ko kalma. Abin ya burge mu, ba ƙarya. Sai dai mai karatun Carson ya riga ya biya kuɗi, takarda tana hannunsa, in ya ga dama ya juya ta sama ƙasa. Namu yana cikin A Daidaita Sahu, rana tana dukan gilashin Itel ɗinsa mai tsagewa, datar da ya saya da safe ta kusa ƙarewa. Shafin da ya yi jinkirin buɗewa, rufe shi zai yi ya koma TikTok. Don haka muka kafa doka: kada shafi ya wuce kilobait 300, hotuna a matse su, kuma babu waƙar da za ta fara da kanta. Kafin ka taɓa, za ka ga nauyinta a rubuce.

Haruffa sun fi ba mu aiki. Salon rubutu masu kaushi da mai zanenmu yake ƙauna, kusan duk babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. Ka rubuta "waƙa", sai ɗan akwati ya tsaya a tsakiyar kalmar, ko wayar ta aro harafin daga wani salo, ya fito kamar faci a sabuwar riga. Wasu suna cire ƙugiyar su huta, amma mujallar da za ta riƙa buga baitoci ba za ta iya haɗa "ƙasa" da "kasa" ba. Muka ɗauki Noto Sans don jikin rubutu, muka zubar da dubban haruffan da ba ma buƙata don fayil ɗin ya yi sauƙi. Na kanun labarai kuwa, shi ya zauna ya zana ƙugiyoyin da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har da ƴ saboda masu karatunmu na Nijar, da ba sa rubuta 'y kamar mu. Wurin bincike kuma dole muka koya masa sassauci, domin yaro "waka" zai rubuta, kuma waƙa yake nema.

Duk wannan bai kai rigimar sunaye ba. Waƙa a wurinmu ta fi yawo daga hannu zuwa hannu: masu turi a kasuwar waya ta Farm Centre su cika maka memori, aboki ya watsa maka ta Xender, ƙanwa ta jefa a guruf. Kafin ta kai waya ta uku, sunan fayil ɗin ya koma tarin lambobi. Wannan hanya tana iya kai mutum nesa. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bi memori suka ratsa Sahara, har Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya ya sa a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Amma sai da Kirkley ya bi sawu ya nemo mai waƙar. Yaranmu babu mai zuwa nemansu.

Shi ya sa muka yanke cewa abu mafi girma a kowane shafi, bayan sunan waƙa, shi ne akwatin sunaye: wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, wa ya tace sauti, muryar wa, su wa suka yi amshi, a wane gari, wace shekara. Mai zane ya ce akwatin ya tura hoton mawaƙi ƙasa, kuma matasa fuska suke fara kallo. 'Yar jaridarmu ta tuna masa yawan waƙoƙin fim da jama'a ke danganta wa jarumar da ta motsa baki, alhali wata ce can daban ta rera. Ya haƙura, ko da yake har yanzu yana gunaguni. Mu masu manhaja muka ɗaure abin ta yadda ba za a iya wallafa waƙa ba sai kowane gurbi ya cika, muka kuma sa sunayen su shiga cikin fayil ɗin kansa, domin su bi shi duk inda ya je.

Ana shirin fitowa ta uku aka kawo mana waƙar da ta fi kowace daɗi cikin waɗanda muka samu, kuma muryar macen ce ta riƙe ta. Ta kira 'yar jaridarmu ta ce, "Don Allah Anti, kada a sa sunana." Gidansu ba su san tana zuwa situdiyo ba, kuma an sa ranarta. Manhajar ta ƙi karɓar gurbi a wofi, kamar yadda muka gina ta. Abokin aikina na manhaja ya ce a rubuta "ba a sani ba" a wuce. Amma mun sani. Wannan lakabi mun ajiye shi ne don tsofaffin waƙoƙin da sunayensu suka ɓace da gaske, kuma sa ta a cikinsu tamkar mu ma mun ɓatar da ita ne. Sunan bogi ma ta ƙi, ta ce ƙawayenta za su gano.

Muka ƙara zaɓi na uku, "an sakaya". Sunanta na gaskiya yana ajiye a wani wuri daban, a kulle, mutum biyu kaɗai ke da mabuɗin, kuma ita ce mai cewa a buɗe. Ta tambaya ko zai yiwu in ta sauya shawara nan da shekara biyar. Muka ce mata a shafinmu layi ɗaya ne za a gyara, amma fayilolin da suka riga suka shiga memorin mutane haka za su ci gaba da yawo. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce a sake ta.