Gwajin Trovan A Kano: Wa Ya Nemi Izinin Iyaye?

Cikin bazarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya da tsananin gaske. Mutum fiye da 100,000 suka kamu, kusan 12,000 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu yara, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa duk a lokaci guda. A birnin Kano asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda mutanen gari ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse, likitocin ƙungiyar agaji ta Médecins Sans Frontières suna ta fama dare da rana da maganin da aka saba da shi.

Ana cikin wannan hali sai ga ayarin likitocin kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ko a ƙasarsu ba a ba da iznin sayar da shi ba tukuna. Suka ɗebi yara kimanin 200 suka kasa su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su Trovan, ɗaya kashin aka yi musu allurar wani sanannen magani, watau ceftriaxone, amma aka rage yawansa ƙasa da yadda aka ƙayyade. Ba su yi wata guda ba suka tattara nasu ya nasu suka koma gida, alhali kuwa annoba tana nan tana ci. Yara 11 suka rasu, biyar daga kashin Trovan, shida daga ɗaya kashin, waɗansu kuma suka kurmance, waɗansu jikinsu ya shanye.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa ciwon ne ya yi wannan ɓarna, domin sanƙarau da kansa yana kisa yana nakasawa, kuma yaran da suka tsira a hannunsa sun fi 90 cikin 100. Ni ba likita ba ne, ba ni da hujjar ƙaryata wannan lissafi. Gwajin magani kuwa ba laifi ba ne a kan kansa. Duk ƙwayar da muke haɗiya a yau sai da aka jarraba ta a jikin wani ɗan Adam kafin ta iso kanti, kuma lalle maganin sanƙarau da za a iya sha ta baki alheri ne babba a ƙauyen da babu mai yin allura.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da ya saɓo ɗansa a kafaɗa, wuya ya sanƙare, jiki zau da zazzaɓi, ya miƙa shi ga mai farar riga yana zaton magani ya zo nema. Shin an gaya masa gwaji ake yi? An gaya masa yana da ikon ya ƙi, kuma a cikin harabar nan akwai masu ba da maganin da aka riga aka tabbatar? Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba wanda ya faɗa musu. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye sun yarda da baki. Takardar yarda da sa hannu ko dangwalen yatsa dai ba a kawo ba.

Ƙa'idar nan tsohuwa ce. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus a Nuremberg, aka rubuta cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa, aka sake ƙarfafa ta a Helsinki cikin 1964. Mu ma ba sai an zo daga ƙetare an koya mana ba. Wanzami ba ya cire wa jariri beli sai uban ya kira shi, mai maganin gargajiya a kasuwa kuwa yakan fara kurɓar jiƙonsa a gaban jama'a kafin ya miƙa wa kowa. Amana ke nan, kuma tana ƙara nauyi ne daidai gwargwadon rashin sanin wanda ya ba ka ita.

Amma fa baƙo ba ya shiga gida sai an buɗe masa ƙofa. Jaridar Washington Post ce ta tono maganar cikin Disamba 2000, daga nan kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ladubban bincike da aka nuna, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996, an rubuta ta ne daga baya, a lokacin gwajin ma asibitin da sunansa ke kanta ba shi da irin wannan kwamiti. Hannun namu ne ya rubuta ta. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, ya kammala a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Rahoton ya kwanta cikin aljihun tebur har 2006, sa'an nan ma wani ne ya fitar da shi a ɓoye.

Shi kuwa Trovan an yarda a ba manya a Amurka cikin 1997. Da aka ga yana lalata hantar waɗansu, cikin 1999 Turai ta dakatar da shi, Amurka ta taƙaita amfani da shi ƙwarai. Shekara biyu ba su cika ba hukumominsu suka tashi tsaye don mutanensu. A nan sai 2007 Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Aka gindaya gwajin ƙwayoyin halitta don tantance masu haƙƙi, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowannensu a watan Agusta 2011, shekara 15 bayan sun binne 'ya'yansu.

Akwai kuma yaran da ba a lissafa su cikin diyya ba. Cikin 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, Jihar Kano ta dakatar da shi har zuwa Yulin 2004, lokacin da aka samo wani daga Indunusiya. Jita-jitar ƙarya ce, amma ta sami gindin zama, domin duk mai yaɗa ta yakan ce a tuna da Asibitin Zana, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Cutar ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka gurgunce, cikin Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

An gyara waɗansu abubuwa. Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso cikin 2010 bayan gwaji a fili a ƙasashe irin su Mali da Gambiya, ta kusa kawar da nau'in sanƙarau ɗin da ya yi ɓarnar 1996, a 2024 kuma Nijeriya ce ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

Ni mazaunin Uke ne, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, tafiya mai nisa daga Kano. Lokacin allurar korona, ƙarshen 2021, wani dattijo maƙwabcina da bai taɓa taka Asibitin Zana ba ya ji sunan kamfanin a rediyo, ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce, "Ɗana, wannan ba shi ne na yaran Kano ba?" Na ce, "Shi ne, Baba, amma wannan allura an yi wa miliyoyin mutanensu kafin ta zo mana." Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce to ya ji, zai yi shawara. Har ma'aikatan suka gama kwanakinsu a unguwarmu suka tafi bai je ba, bai kuma bar iyalinsa sun je ba.